Ɗauke tablo daga zaure zuwa cikin gida: ina ake farawa?

Abdu Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masana. Gida ne a unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, mita da babban dijontar (makashin da ke yanke wuta in nauyi ya yi yawa) da tablo (akwatin da ke raba wuta zuwa layukan gida) duk suna cikin zaure. Yanzu za a fasa ƙofa ta waje a maida zauren shago a ba da haya, don haka ana son tablon ya koma baranda ta cikin babban ɗaki. Na auna da igiya, ta hanyar da waya za ta bi, mita 18 ne. Layin mono ne, wato mai faz ɗaya, dijontar an saita shi a amfiya 30 (30A). Kayan gidan: kilim biyu masu doki ɗaya da rabi, firigo, firiza, injin tura ruwa, fankoki, sai dutsen guga. Wani ya ce a ƙara wa wayoyin tsawo kawai a naɗe da sikoc a shafe da siminti. Ya halatta?

Baba Usta: Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya ce maka haka, kada ka bari ya taɓa ko ƙwan fitila a gidan. Amma mu fara daga farko, don aiki biyu ne ka haɗa wuri guda. Mita da dijontar ɗin da ke manne da ita, waɗanda anka ɗaure da hatimi, ba naka ba ne, na kamfanin wuta NIGELEC ne. Ba kai ba, ba mai gyaran wuta na unguwa ba, babu mai ikon yanke hatimin ko matsar da su ko da taku guda. In ana son su tashi, ajans ɗinsu za ka tafi da takardar kuɗin wutarka ko lambar mita, ka rubuta buƙata, su zo su duba su yi. Daga bakin dijontar na ƙasa zuwa cikin gida, nan ne hurumin mai gida, nan ne tablo yake. To wanne kake son ɗaukewa, tablo kaɗai ko duka?

Abdu Ali Ɗan Sofo: Baba, da na so tablo kaɗai, mita ta zauna inda take don a rage wahala.

Malama Rabi: Malam Abdu, nan akwai abin dubawa. In mita da babban dijontar suka zauna cikin shago, ɗan haya ya kulle ya tafi gida da magariba, wuta ta kama waya a ɗakinku da tsakar dare, ina za ku kashe? Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda da ita ake koyar da aikin a makarantun sana'a na ƙasar nan, ta ce dole a sami abin katse wutar gida gaba ɗaya a cikin gidan kansa, inda hannu ke kaiwa ba tare da mabuɗi ba. Don haka ko dai ka nemi a fitar da mita jikin katanga ta waje cikin akwati, ko kuma, in ta zauna, a sa babban makashi mai yanke faz (wayar da ke kawo wuta) da notir (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) tare, 63A, a kan sabon tablon. Ni na fi son a yi duka biyun. Ka kuma tuna ko dijontar ya faɗi saboda nauyi, sai ka jira mai shago kafin ka tayar.

Shagon kuwa ya nemi mitarsa. Ranar da ɗan haya ya kawo firiza biyu na ƙanƙara ko injin walda, 30A ɗin nan ba za ta ishe ku ba, rigimar kuɗin wuta kuma ba ta ƙarewa.

Sani Mai Waya: Gaskiya ne Malama. Bari in shiga maganar kebul ɗin da zai haɗa dijontar da sabon tablo, don nan mutane ke tsuke hannu su yi asara.

Abu biyu ake duba: ƙarfin da waya za ta ɗauka ba ta yi zafi ba, da wutar da ke zubewa a hanya. Lissafin zubewar a layin mono: 2 sau 0.023 sau tsawo sau amfiya, a raba da kaurin waya. A mita 18 da 30A, waya mai kauri 6 (mm²) tana zubar da bolt 4.1, kusan kashi 1.9 cikin ɗari na 220. Ana son wannan tsakanin kada ya wuce kashi 2, ka ga tana bakin iyaka. Mai kauri 10 tana zubar da bolt 2.5 kawai. In gobe aka ƙara ƙarfi zuwa 45A, 10 ɗin tana nan daram, bolt 3.7. Sai in ana hangen 60A ne za a je 16. Shawarata 10 ta jan ƙarfe, kebul U1000 R2V baƙi mai riga biyu, guntu ɗaya daga farko har ƙarshe, babu haɗi a tsakiya. Ka sayi mita 21 ko 22, don lanƙwasa da shiga akwati suna cin tsawo.

Wani zai ce bolt ɗaya da rabi mene ne. A watan Afrilu da dare, lokacin da kowa ya kunna kilim, wutar da ke iso ƙofar gida ta riga ta yi ƙasa. Injin kilim da na ruwa in wuta ta ragu sai su ja amfiya da yawa su yi zafi. Duk bolt ɗin da ka ceta a cikin gidanka riba ce.

Baba Usta: Ka ƙara masa da zafin garin nan, Sani. Teburin da anka rubuta ƙarfin waya a kai, a zafin digiri 30 anka yi shi. Waya mai rigar roba ta PVC a digiri 40 ƙarfinta kashi 87 ne, a 45 kashi 79, a 50 kashi 71. Yanzu ka tuna tsakanin kwano da silin da azahar a watan Mayu. Wayar da anka ce tana ɗaukar 20A can ƙasar sanyi, a saman silin ɗinmu ba ta kai. Shi ya sa in da hali kebul ɗin ya bi ƙasa, kada ya bi rufi.

In ta tsakar gida zai ratsa: rami zurfin santimita 50 aƙalla, in mota na bi ta wurin 85. Rairayi mai laushi a ƙasa, jan tiyo na TPC, kebul a ciki, rairayi a sama, sannan jar raga ta gargaɗi santimita 20 a bisa tiyon, don wanda zai zo haƙa shekara goma nan gaba shi ga ja kafin digarsa ta kai. Tsakaninsa da tiyon ruwa a bar santimita 20. Bakin tiyon biyu a toshe, in ba haka ba ɓera da gara da ruwan damina sun sami hanya.

Ilu Sabon Gari: Ku yi haƙuri manya, ni ina ganin kuna tsananta abin. Gidaje nawa ne a garin nan aka ƙara wa waya da murɗi da sikoc, shekara da shekaru suna aiki? Layi takwas ko tara za a sake ja daga farko? Kuɗin waya kaɗai ya isa ya hana mutum aikin.

Sani Mai Waya: Ilu, ba wanda ya ce lallai a sake jan komai. An ce kada a binne haɗi. Bambancin ke nan. Murɗi yana aiki ranar da aka yi shi. Sai waya ta yi zafi da rana ta buɗe, ta huce da asuba ta tsuke, kullum haka, murɗin ya saki kaɗan, tsatsa ta shiga tsakani, wurin ya fara ɗumi, ɗumin ya narkar da gam ɗin sikoc. Dijontar ba ya ganin wannan, don amfiyar ba ta ƙaru ba, 8A ce ke wucewa ta wuri mai sako-sako tana dafa shi. In cikin siminti ne layi ya mutu ka rasa inda za ka fasa. In saman silin ne kusa da katako, ka san sauran.

Hanyar da ta halatta: wurin tsohon tablo ya zama akwatin haɗi mai murfi da ake buɗewa da sukurdireba. Kowace waya a haɗa ta da irinta, kauri ɗaya, launi ɗaya, da domino mai kyau ko Wago na asali ko jerin tashoshi a kan reli. Kowane layi ya tafi da faz ɗinsa da notir ɗinsa da wayar ƙasarsa, su uku cikin tiyo ɗaya. A rubuta lamba a kansu.

Amma a wannan gidan akwai matsala: akwatin zai kasance cikin shagon wani. Kuma ka lura, wuta za ta tafi mita 18 zuwa sabon tablo, ta dawo mita 18 zuwa zaure, sannan ta sake komawa ɗakuna ta tsohuwar hanya. Tafiya uku a kan hanya ɗaya. Layi tara sau waya uku sau mita 18, ka lissafa, kusan mita 500 na waya ke nan. Da wannan kuɗin gara a nemo inda tsoffin layukan suka shiga babban ɗaki, a yanke su can, a jawo su sabon tablo kai tsaye. Galibi sun fi kusa da baranda fiye da zaure, sai ma a rage musu tsawo. Layin kilim biyu da na injin ruwa kuwa a ja sababbi, babu haɗi ko ɗaya.

Ilu Sabon Gari: To wannan na yarda. Ban yi lissafin dawowar ba.

Malama Rabi: Wurin da za a kafa shi ma a zaɓa da hankali. Ba cikin banɗaki ba, ba bisa wurin wanke-wanke ba, ba kusa da murhu ko tukunyar gas ba, ba bayan kabad ko labule ba. Bango busasshe wanda ruwan indararo ba ya bugu. Madannan su kasance tsakanin santimita 90 da mita 1.80 daga ƙasa. Inda yara suke da yawa a kusanta shi da saman wannan iyaka, a sa mai ƙofa. In barandar buɗaɗɗiya ce, iskan damina na kaɗo ruwa, ƙurar hunturu na shiga, a sayi akwatin roba IP65, wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga, kebul su shigo ta ƙasa da abin matsewa. Duk ramin da aka bari, tsaka za ta shiga ta kwanta tsakanin faz da notir, zanzaro kuma ya yi gini. Bangon yamma da rana ke dukansa daga azahar zuwa la'asar a guje shi, don dijontar da zafi yake aiki, in akwatin ya ɗau zafi zai riƙa faɗuwa kafin ya kai adadinsa.

Sassaƙar bango a miƙe, sama zuwa ƙasa ko a kwance, kada a yi ta karkace, don mai kafa ƙusa ya iya hasashen inda waya take. Tiyo kada a cika shi fiye da kashi ɗaya cikin uku: mai faɗin 16 na waya uku masu 1.5, mai 20 na uku masu 2.5, mai 25 na uku masu 6. In ginin laka ne, gara a bi saman bango da tiyo mai tauri da maƙalai, laka ba ta riƙe akwati, gara kuma tana bin ramin.

Abdu Ali Ɗan Sofo: Na gode ƙwarai. Cikin tablon fa, me da me za a saya? Tsohon fis ne na farar ƙasa guda huɗu da dijontar ƙanana uku.

Sani Mai Waya: Tsohon kada ya bi ku, a bar shi ya huta. Ka sayi akwati mai jeri biyu, gurbi 13 kowane jeri, ko ma uku, don ana barin kashi 20 cikin ɗari fanko saboda gaba.

Kowane jeri ya fara da difaransiyal 30mA, makashin da ke yankewa in wuta ta zuba ta wata hanya. Tunda ana iya ƙara ƙarfi gaba, ka ɗauki 63A, ba 40A ba. Ɗaya nau'in AC, ɗaya nau'in A. Kilim na zamani mai inbata da injin wanki a ƙarƙashin A suke zama, don irin zubar da suke yi AC ba ya ganinta da kyau. Ƙarƙashin difaransiyal ɗaya kada a wuce layi takwas. A raba fitilu gida biyu, wasu nan wasu can, haka priz, don in ɗaya ya faɗi kada gida duka ya yi duhu.

Fitilu da fankoki: waya 1.5, dijontar 10A, ko 16A iyaka, wuri takwas a layi. Priz: waya 2.5, dijontar 16A ko 20A. Ƙa'ida ta yarda har goma sha biyu a kan 20A, amma da zafinmu ni 16A nake ba da shawara da priz takwas. Kicin layinsa daban. Kowane kilim layinsa, 2.5 da 16A ko 20A mai lanƙwasar C. Doki ɗaya da rabi yana jan 5 zuwa 6A yana aiki, amma wanda ba inbata ba yana fizgar ninki biyar ko fiye lokacin tashi. Injin ruwa layinsa. In akwai murhun lantarki, waya 6 da 32A, kodayake da 30A a mita wannan mafarki ne.

Dokar da ba ta canzawa: dijontar waya yake karewa, ba na'ura ba. In 16A na faɗuwa a kan waya 1.5, maganin ba sa 25A ba ne. Wanda ya yi haka ya maida wayar ta zama fis.

Firiza kuma a ba ta nata dijontar mai difaransiyal a jiki, ita kaɗai. In an tafi ƙauye bayan Sallah, ruwa ya shiga fitilar waje ya kada difaransiyal, kada a dawo a tarar da naman layya ya lalace.

Baba Usta: Lissafa nauyin ma, ɗana. Kilim biyu 12A, injin ruwa 4 ko 5, firigo da firiza kamar 3, fankoki da fitilu da talabijin 3 ko 4, dutsen guga 5 zuwa 9. In sunka haɗu lokaci guda kun taɓa 30. Sabon tablo ba ya ƙara maka wuta. In babban dijontar na faɗuwa, ajans za a koma a nemi ƙari.

Sai launi. Shuɗi notir ne, kore da rawaya wayar ƙasa ce, su biyun nan ba a ba su wani aiki har abada. Faz ja ko ruwan ƙasa ko baƙi. Tsoffin gidajenmu sau da yawa da nadi ɗaya anka yi komi, duk ja ko duk baƙi, wani wurin ma shuɗi ne ke ɗauke da wuta. Kada a yarda da launi, a gwada. Makunnin fitila faz yake yankewa; in notir anka yanke, fitila ta mutu amma wuta na zaune a mazaunin ƙwai tana jiran mai canzawa.

Ilu Sabon Gari: Baba, difaransiyal ɗin nan fa shi ne mutane ke cirewa bayan sati. Da an sa shi sai faɗuwa ba dalili.

Baba Usta: Da dalili, Ilu, kullum da dalili. Abin da yake yi awo ne: abin da ya fita ta faz dole shi dawo ta notir. In bambancin ya kai tsakanin 15 da 30mA sai shi yanke, don wutar ta bi wata hanya, wataƙila ta jikin mutum. Cire shi kamar kashe zakara ne don kada gari shi waye.

A aikin ɗauke tablo, abin da ya fi kada shi notir na tarayya ne. Masu aikin da sun saba jan notir guda su raba wa fitila da priz na ɗaki biyu uku. Lokacin fis babu ruwan kowa. Yanzu in fitilar na ƙarƙashin difaransiyal na sama, priz na ƙarƙashin na ƙasa, notir ɗinsu guda, da an kunna ƙwai ɗaya duka biyun za su faɗi. Yadda ake gano shi: wuta a kashe, a cire faz duka da notir duka daga mazauninsu, a ware su, a sa multimita a kan ƙara, a gwada notir da notir. Biyun da sunka yi ƙara a haɗe suke wani wuri, a bi akwatunan haɗi a raba su. In rabuwar ta gagara, layukan biyu su zama layi ɗaya a kan dijontar ɗaya daidai da ƙaramar wayar cikinsu.

Na biyu, notir da ya taɓa wayar ƙasa. Wasu da gangan suke yi a bayan priz, su ɗaura guntuwar waya daga notir zuwa ƙafar ƙasa su ce sun yi ter, wato sun haɗa da ƙasa. Tsarinmu TT ne: notir an kai shi ƙasa can wurin taransifoma, gida kuma yana da sandarsa daban, ba a haɗa su cikin gida. Ranar da notir ya tsinke a waje, wannan guntuwar wayar za ta ɗora wuta a jikin firigo da ƙofarsa. Na uku, danshi: fitilar katanga, injin ruwa, tsohuwar hita.

Malama Rabi: Tunda Baba ya kawo maganar ƙasa, nan ne aikin Maraɗi ya bambanta da abin da ke littafi. Adadin juriyar sandar ƙasa da ake nema kada ya wuce om 100. Daga ina ya fito? Babban dijontar mai difaransiyal 500mA ne, wutar da jiki ke jurewa a busasshen wuri bolt 50, 50 a raba da 0.5 ya ba da 100. A ƙasa mai laka da danshi, kamar gefen Gulbi, sanda ɗaya mai mita 2 tana iya bayarwa. A tudun rairayi, irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, da wuya. Kimanin lissafin sanda: juriyar ƙasa a raba da tsawon sanda. Busasshen rairayi yana kai om-mita 500 har 1000 ko fiye, ka ga sanda mai mita 2 za ta ba ka 250 zuwa 500. Sandar mita ɗaya da ake sayarwa a kafa a bakin ƙofa kuwa ado ce.

Mafita: sanduna uku ko huɗu, tsakaninsu ya kai ninki biyu na tsawonsu, a haɗa su da jan ƙarfe tsirara mai kauri 25. Ko, tunda za a haƙa ramin kebul, a yi amfani da damar a shimfiɗa tsirarar wayar a ƙasan rami, cikin ƙasa kai tsaye, nesa kaɗan da tiyon. Waya a kwance lissafinta ninki biyu na juriyar ƙasa a raba da tsawo: mita 18 a ƙasa mai 500 kusan om 55. A ƙara sanda a kowane ƙarshe, ɗaya kusa da inda ruwan alwala ko na wanki ke tsiyaya. Daga nan waya mai riga kore da rawaya, kauri 16, ta hau zuwa mahaɗin awo da ake kwancewa, sannan tablo.

A auna da na'urar awon ƙasa, ba da ƙwan fitila ba. Kuma awon Agusta yaudara ne. Wanda aka samu a Maris ko Afrilu shi ne gaskiyar gidan.

Ilu Sabon Gari: Gishiri da gawayi fa, Malama? Kowa haka yake yi.

Malama Rabi: Gishiri yana saukar da awo ranar da aka zuba, shi ya sa ake sonsa. Damina biyu ta wanke shi, kafin nan kuma ya ci sandar da maƙalinta, musamman sandunan ƙarfe masu ɗan shafen jan ƙarfe. Gawayi dakakke ba ya ɓarna, yana riƙe danshi. Abin da ya fi shi ne bentonayit, yumɓun da masu haƙar rijiyar burtsatse ke aiki da shi, ko laka ta fadama a cika ramin da ita maimakon rairayin da aka fitar. Kan sandar a bar shi cikin ɗan rami mai murfi don a riƙa duba maƙalin.

A duba kuma babban dijontar ɗin: in babu maɓallin gwaji a jikinsa, mai yiwuwa ba ya ganin zuba. Shi ya sa aka ce kebul mai riga biyu da akwatin roba, don tsakanin mita da tablo babu 30mA da ke tsaro.

Sani Mai Waya: Kaya ma a buɗe ido. Kasuwa cike take da waya mai suna 2.5 amma cikinta 1.5 ne da riga mai kauri, da wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare bakin da wuƙa, in fari ya fito a ajiye. A sa mata ashana, alminiyam yana lanƙwashewa ya narke, jan ƙarfe sai dai ya yi baƙi. Waya 2.5 mai ƙwaya ɗaya faɗin ƙarfenta milimita 1.8 ne, 1.5 kuma 1.4, a auna. Dijontar na jabu da sunan Legrand ko Schneider ko Hager ma suna nan, ba nauyi a hannu, rubutu na gogewa da yatsa, wani in ka fasa babu komai ciki sai makunni. A saya inda za a ba ka takardar saye da sunan shago.

Wurin ɗaurawa: a yi amfani da mataji na haɗa dijontoci maimakon guntayen waya. Notir a gurbin da aka rubuta N. A fere riga daidai yadda ƙarfe ba zai leƙo ba, roba kuma ba za ta shiga ƙarƙashin sukuru ba. Waya mai silli-silli a sa mata hular matsewa. A ɗaure, a ja da hannu a gani, bayan wata ɗaya a kashe wuta a sake bi, don jan ƙarfe yana kwantawa.

Abdu Ali Ɗan Sofo: Akwai ƙaramin gurup da ake tayarwa in an ɗauke wuta, ana kuma shirin sa sola. Ya shafi aikin?

Baba Usta: Ya shafe shi ƙwarai, da ka faɗa tun farko. Gurup ba ya shiga gida ta priz da waya mai kai biyu. In anka manta babban dijontar a kunne, wutar gurup ta fita layin waje, taransifoma ta ɗaga ta, ta sami ma'aikacin da ke bisa fol yana ganin layi a mace yake. In wuta ta dawo kuma gurup ɗin ya ƙone. A sa makunnin canji mai matsayi uku, layi, sifili, gurup, mai yanke faz da notir duka, 63A, kafin difaransiyal. Tun yanzu a ware layukan da sola za ta ɗauka, fitilu, fankoki, firigo, talabijin, a sa su jeri guda a tablo da nasu difaransiyal, kilim da guga da injin ruwa a ɗaya jerin. Ranar da inbatar sola ta zo waya biyu za a taɓa. Notir ɗin fitar inbata kada shi gauraya da na sauran gida.

Abu biyu kuma da sun cancanci gurbi. Makarin tsawa nau'i na 2, tunda layukanmu a sama suke, hadarin Yuli da Agusta kuwa kun san shi. Wayoyinsa gaba ɗaya, daga faz zuwa shi zuwa mahaɗin ƙasa, kada su wuce santimita 50, in sun yi tsawo amfaninsa ya ragu, in babu ƙasa mai kyau kuma bai da inda zai zubar. Sai rile mai lura da bolt, wanda ke yanke gida in wuta ta yi ƙasa ƙwarai ko ta haura, shi jira minti uku kafin shi maido, don injin firigo da kilim su huce. In notir ya tsinke a layin unguwa, gidan mono na iya ganin abin da ya kusan 380, makarin tsawa ba ya maganin wannan, rile ne ke yi.

Malama Rabi: Ranar aikin, tsari. Kafin a kwance komai a ɗauki hoto, a kashe layi ɗaya-ɗaya a ga abin da ya mutu, a manna lamba. A kashe babban dijontar, a ɗaure shi ko a tsayar da mutum, don yaro ko maƙwabci mai neman taimako na iya tayarwa. Gurup a kashe a cire wayarsa, batir in akwai a raba. A tabbatar babu wuta da magwaji mai baki biyu, faz da notir, faz da ƙasa, notir da ƙasa, a gwada magwajin a wuri mai wuta kafin da bayan. Testa mai ɗan haske ba shaida ba ce, tana haske inda babu, tana shiru inda akwai. A tuna bakin dijontar na sama yana da wuta ko an kashe shi. In murfin bakin ƙasa ma yana da hatimi, ma'aikatan kamfani ne za su buɗe a ɗaura sabon kebul, a sa rana da su.

Kafin a maido wuta: awon rigar waya da na'urar mega a bolt 500, kaya duka a cire, makarin tsawa da rile a ware, kowane layi ya ba da megom 1 ko fiye, sabuwar waya ɗaruruwa take bayarwa, in ka ga 2 ko 3 a tsohon layi ka san yana hanya. A gwada wayar ƙasa daga tablo zuwa kowace priz, kada ta wuce om 2. Sannan a tayar daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. A danna maɓallin T na kowane difaransiyal, in da na'ura a auna, ya yanke cikin milisakan 300. A kunna kaya masu nauyi awa ɗaya, a kashe, a taɓa jikin dijontoci a ji ko wani ya fi 'yan'uwansa zafi. Maɓallin T ɗin nan a riƙa danna shi duk wata.

Abdu Ali Ɗan Sofo: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: tsoffin priz na ɗakuna waya biyu ce kawai, babu ta ƙasa. Sai an fasa duka?

Sani Mai Waya: In cikin tiyo suke, a ɗaura sababbi uku a wutsiyar tsoffin a ja, tsoffin su zama igiyar ja, babu fasa bango. Inda aka binne waya tsirara cikin siminti ba tiyo, a bi saman bango da gulot, kwararon roba mai murfi. In kuɗi bai kai duka ba, a fara da kicin, banɗaki, firigo, firiza, kilim, injin ruwa da duk priz ta tsakar gida, waɗannan ba a jinkirta su. Ɗakunan kwana su jira a ƙarƙashin 30mA, amma a rubuta a murfin tablo waɗanne layuka ne ba su da ƙasa tukuna. A banɗaki kuma, tiyon ƙarfe da jikin hita da ƙofar ƙarfe a haɗa su da wayar ƙasa 2.5 cikin tiyo, ko 4 in a fili take.

Baba Usta: Kuma layin da ya rage cikin zaure, fitila da priz ɗin nan, a yanke shi daga gidanku gaba ɗaya, a zare wayar, kada a naɗe baki a tura cikin bango. In shago ya sami mitarsa, wuta biyu daga mita biyu ba su zama cikin akwati ɗaya. Ka fara zuwa ajans kafin ka sayi kebul, don in sunka yarda su fitar da mita katangar gabas, mita 18 ɗin nan na iya zama 12 ko 25, lissafin kauri kuma sai an sake shi.